Muryar da Na Ara a Kasuwar Tanout

Jama'a, yau ku yafe mini doguwar gaisuwa. Wanda ya saba bibiyata ya san ni. Wanda yau ya fara kuwa, sunana Sakina, ƴar Tanout ce ni, kuma da bakina nake ci. Kada wata ta fara taɓe baki, ba roƙo nake yi ba. Murya nake sayarwa.

Tun ina ƴar firit, in baƙo ya zo gidanmu, kafin ya kai zaure na haɗiye muryarsa. Sai dai a ji shi yana magana a bayan rumbu alhali ya tafi. Inna ta sha bina da muciya tana cewa, "Sakina, baki shi ke yanka wuya, ki rubuta ki ajiye." Ni kuwa dariya nake yi, in maimaita mata maganar da muryarta.

A bayan shagon gyaran waya na Rissa akwai wani ɗaki da muka jingina wa tsofaffin katifu don kada ƙarar babura ta shigo. Tebur ɗaya ne a ciki, da taswirar hamada da Rissa ya zana a jikin kwali, da mikoro na ɗaukar murya, da kyamara rataye a sama wadda hannuwanmu kawai take ɗauka. Nan muke yin shirinmu na intanet, Ayarin Gishiri. Rissa ne mai jan labari. Mamman da Zalika su ne matafiyan. Ni kuma duk wanda suka gamu da shi a hanya ni ce shi: madugu, aljanar rijiya, ɗan fashi, har raƙumi na taɓa yi. Ba ma rubuta komai kafin mu zauna. Abin da ke yanke hukunci ƙwaya ce irin ta lido, sai dai ita fuska ashirin gare ta. In ka yi niyyar wani abu sai ka jefa. Ashirin ta fito, ka ci nasara. Ɗaya ta fito, to mafi munin abin da zai iya faruwa shi ne zai faru, kuma a take za mu ƙirƙiro shi.

A cikin shirin, Aku ake ce mini. Safar hannu nake sawa don kada lallena ya tona ni. A gida kuwa abin da aka sani shi ne ina taya Rissa ɗaukar tallan rediyo.

Bara, ranar kasuwa, Inna ta aike ni sayen cuku. A ƙarshen layin masu nono na tarar da wata tsohuwa ta jera nata a kan faifai, fari tas, siriri kamar takarda. Ba cukun ne ya tsayar da ni ba, muryarta ce. A dushe take, ga wani ɗan fito da ke fita ta giɓin haƙorinta, kuma kowa ta kira sai ta ce masa "hantata", irin yadda Buzaye ke kiran wanda suke ƙauna. Na yi ta jan ciniki ba don komai ba sai don ta ƙara magana. Ina juyawa na fara gwada ta ƙasa-ƙasa. Kafin in kai gida ta zauna mini a maƙoshi daram.

Da ita na yi Tsohuwar Zango, mai ba matafiya ruwa da cuku. Wallahi don ƙauna na yi ta. Masu sauraro suka so ta, har saƙo suke turowa a gaishe ta. Sai ranar da Mamman, da shegen neman magana, ya ce shi fa bai yarda da tsohuwar nan ba, zai duba ko cukunta lafiyayye ne. Ya jefa ƙwaya. Ta yi ta gangara a kan kwalin, ta tsaya a ɗaya.

Rissa ya dube ni, ya ɗaga gira. Ni kuma kaina ya yi zafi da daɗin wasa. Na matso da mikoro, na yi wata ƴar dariya ta cikin hanci, na ce, "Kayya, hantata, ka makara. Na daɗe ina kiwon kurwarka, yau ta yi ƙiba."

Zalika har da ƙara ta saki. Muka tafa, muka yi ta kyakyatawa. Ba mu taɓa samun masu sauraro irin na ranar ba. Na kwana ina jin kaina a sama, ashe ramin da zan faɗa na haƙa.

To, bari in shigo muku da Abdulgafar. Likitan dabbobi ne, kullum yana kan moto, wato babur, tsakanin Tanout da Belbeji yana yi wa garke allura. Awakin Inna ya zo yi wa rigakafi, wata ja'irar akuya ta kayar da shi cikin kwatami, na kasa riƙe dariya, shi ke nan. Mutum ne mai sanyin magana, in ya yi fushi ma sai ka kasa kunne kake ganewa. Manyansa sun zo, an karɓi kayan na-gani-ina-so, Baffa Abdu, ƙanen marigayi babana, ya ce sai an kai gero rumbu a sa rana. Mahaifiyarsa tana wani ƙauye a bayan Gangara, ba a taɓa kai ni na gaishe ta ba. Na sha niyyar gaya masa ni ce Aku, kullum sai in ce gobe.

Ranar Talata da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, wayata ta yi ƙara a kan turmi. Saƙon Abdulgafar ne.

"Sakinata, kina kusa?"

"Ina nan. Ka isa Belbeji lafiya?"

"Ban je ba. Ina gida wurin Iya. Saurari wannan."

Na danna. Sai da rariyar ta suɓuce daga hannuna. Muryata ce, wato muryar Tsohuwar Zango. Wani ya yanko ƴar maganar nan kawai, babu Rissa, babu ƙarar ƙwaya, babu dariyarmu. A samanta an rubuta: "Mayya ta tona kanta."

Kafin in gama numfashi wani saƙon ya shigo.

"Yanzu saurari wannan. Iya ce, jiya."

Na danna da ɗan yatsa mai gari. Na ji an ce, "Abdulgafar, hantata, in kana da hali ka zo gida." Da dushewar, da ɗan fiton, da komai. Tsohuwa mai cuku ita ce Iya Asibi, uwar mijin da zan aura.

Ya ci gaba da rubutu, ni kuma ina tsugune ina kallon haruffan suna iyo. Abin ya zaga wayoyin ƙauyen kaf, daga mai shayi zuwa bakin rijiya. A can babu wanda ya san wani shiri wai shi Ayarin Gishiri. Abin da suka sani, wannan muryar Asibi ce, sun san ta shekara da shekaru. An daina sayen cukunta. Mata suna janye yaransu in ta gifta.

"Ba ita ba ce, Sakina. Na rantse da Allah wani ne ya kwaikwaye ta. Ranar da na san ko wane ne, ni ban san abin da zan aikata ba."

Me kuke tsammani na rubuta masa? "Allah ya tona asirinsa." Abin da yatsuna suka rubuta ke nan, kuma na tura. Ku zage ni, na cancanta.

Labari ba ya jiran mota. Washegari da safe Baffa Abdu ya yi sallama, babbar rigarsa ruwan toka a saɓe a kafaɗa, ko tabarmar da Inna ta shimfiɗa masa bai kalla ba. Ni ina ɗaki, na manna kunne a labule.

"Hadiza, a haɗa kayan mutanen nan."

"Haba Malam, daga jin magana a waya?"

"Da kunnena na ji. Ke ma kin ji. Maita a nono ake shanta, ko kin manta? Yaron nan nonon wa ya sha?"

"Yaron kirki ne fa."

"Ban ce ba na kirki ba ne. Amma ba zan haɗa jinin ɗan'uwana da wannan ba. Gobe in sun haihu, wa zai ci abinci a gidansu?"

Da ya tafi Inna ta shigo ta same ni a bakin gado. Ta zauna, ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

"Ki yi haƙuri, ƴar nan. Ni ma ina son yaron. Amma muryar nan... ni na taɓa sayen cuku a wurinta, ita ce."

Na buɗe baki. Kalma uku kawai ake bukata: Inna, ni ce. Sai na hango fuskar Baffa in ya ji ƴar ɗan'uwansa tana zama da samari a bayan shago tana muryar mayu, duniya tana ji. Na hango ta Abdulgafar. Na mayar da bakina na rufe, na ce cikina ke ciwo.

Da azahar na zura hijabi na nufi shago. Na sami Rissa ya tasa wata waya a gaba, ya buɗe cikinta, amma ba aikin yake ba.

"Na gani," ya ce tun kafin in zauna. "Na saka bayani, na ce wasa ne, na saka cikakken shirin. Babu mai turawa. Wa zai zauna ya saurari shiri mai tsawo da rezon ƙauye, intanet ɗin da sai ya ga dama yake kamawa?"

"To mu je can mu gaya musu."

"Mu ce me? Su ce ɗanta ya saye mu?" Ya gyara rawaninsa, ya rage murya. "Abu ɗaya ne zai sa su yarda. Su ji muryar tana fita daga bakinki, ita kuma tana tsaye bakinta a rufe."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba, Sakina. Kina ganin za su tafa miki? Wasu za su ce ta kama kurwarki ne take magana ta bakinki. Wasu su ce ke ce mayyar. In abin ya yi sauƙi, jandarma su zo su rufe mana shago. Ni dai ban ce ki je ba."

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Abdulgafar ne.

"Ƴar maƙwabtanmu Rukaiya ba ta da lafiya, tana ta sambatu. Zazzaɓin sauro ne, na ce su ba ni ita in kai ta likita, sun ƙi. Sun ce gobe bayan la'asar sai Iya ta tsallake ta."

Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in faɗa muku. In an zargi mace da kama kurwar wani, akan kwantar da marar lafiyar a ƙasa, a sa ta ta cire mayafi da ɗankwali ta tsallake shi a gaban jama'a, wai don ta sake shi. In ta ƙi, an ce ta ƙi saki. In ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan, ita da ƴaƴanta da jikokin da ba a haifa ba.

Na miƙe. Ƙwayar tana kan tebur, na ɗauke ta na jefa a jaka. Rissa ya gani, ya mayar da kansa kan wayar da ke gabansa.

Da gari ya waye na ce wa Inna zan je wurin Zalika kitso. Na sa atamfata mai ruwan ganye, wadda Abdulgafar ya ce tana yi masa kama da gonar wake, na ɗora baƙin hijabi har ƙasa, na sa nikabi. A tasha na sami a-kori-kura mai zuwa wajen Gangara, na matse tsakanin buhunan dusa da wata mata mai kaji. Gero ya yi kai a gonaki, dama da hagu, shekarar ta yi kyau, ni kuwa ko ganinsa ba na son yi, don shi ne ranar aurena da ake jira. Muna cikin tafiya yaron mota ya kunna wayarsa, sai ga muryar. Aka yi ta a'uziyya. Mai kajin ta tofa a cikin rigarta, ta dube ni ta ce, "Ƴan mata, ki riƙa addu'a, duniya ta lalace." Na gyaɗa kai. Tsoro nake ji ko tari in yi.

Gidan ba shi da wuyar ganewa, shi kaɗai ne babu yaro ko ɗaya a ƙofarsa. Na yi sallama can cikin maƙoshi. Tsakar gidan a share, ƙwarya a kife, ga cuku jere a kan asabari a saman rumfa, ya yi yawa har ya fara ja. Tana zaune a gindin rumfar da carbi. Ta rame ƙwarai, zanen saƙin da ke jikinta kamar an rataya a kara.

"Maraba, hantata. Ba ki ji labarina ba ne kika shigo?"

Na durƙusa. Na ɗaga nikabin, don ba a gaida babba da rufaffiyar fuska. Ta ƙura mini ido, sannan ta yi murmushi, giɓin ya bayyana.

"Sakina ce."

"Iya, kin san ni?"

"Hotonki yana cikin wayar yaron nan, kullum sai ya nuna mini kamar sabo. Ai tun ranar farko na ce masa na san yarinyar." Ta ajiye carbin. "Ke ce kika wahalar da ni da ciniki a kasuwar Tanout. Da kika juya na ji kina gwada ni, *hantata, hantata*. Na yi dariya har na ƙware. Na ce wannan yarinya aku ce."

Ban san lokacin da na kife a kan ƙafafunta ba. Tana shafa kaina da hannunta mai ƙamshin nono, ni ina kuka ina cewa wasa ne, Iya, ƙwaya ce ta faɗi a ɗaya, wallahi da tsohuwar kirki na yi ki. Ban tsammani ta fahimci zancen ƙwayar ba.

"Tun ranar da aka kunna mini na san bakin da ta fito," ta ce.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Yaron nan tun rasuwar ubansa ban ga haƙoransa ba sai da ya gamu da ke." Ta ɗago haɓata. "Saurara. Ya tafi neman mai unguwa, yanzu zai dawo. Ki sauke abin fuskarki, ki bi ta bayan danga ki koma gidanku. Ni na tsufa. Tsallake ɗaya ne, su bar shi ya kai yarinyar mutane likita."

"Iya, in kin tsallaka Baffana zai mayar da kaya."

Hannunta ya tsaya a kaina. Wannan ba ta san shi ba.

"In kuma kin yi magana," ta ce a hankali, "shi zai karɓe su da kansa. Na san abin da na haifa."

Sai ga hayaniya ta iso ƙofa. Aka fara kiran sunanta, ba Iya, ba Inna, Asibi gatsau. Ta miƙe tana dafa ginshiƙin rumfa, ta nuna mini danga da haɓa, ta fita.

Na je har bakin dangar, ba zan ɓoye muku ba. Na sa ƙafa ɗaya a waje. Hannuna yana cikin jaka, ya damƙe ƙwayar nan, har zuciyata tana raya mini in jefa, in ta ba ni sama da goma in tsaya, in ƙasa ne in gudu. Sai na tuna jifar da ta kawo mu nan. Na bar ta a jakar, na zagaya ta gaba na shige cikin mata.

An shimfiɗa Rukaiya a kan tabarma a tsakiyar fili, leɓunanta sun bushe, idonta a juye. Uwarta tana gefe tana kuka, ita ma abin tausayi. Maza sun yi da'ira, samari sun ɗaga wayoyi. Sai ga ƙarar moto. Abdulgafar ya diro ko tsayar da shi bai yi ba, shi kaɗai, bai sami mai unguwar ba. Rigar aikinsa duk ƙura. Mutum biyu suka riƙe shi.

"Iya, kada ki yi! Don Allah kada ki yi!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

Iya Asibi ta cire mayafinta ta ninke, ta ajiye a ƙasa. Ta kwance ɗankwali. Furfurarta ta bayyana a gaban yaran da aka haifa a hannunta. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai injin moton da ke kwance yana juyi. Ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafar dama.

A raina na ce shi ke nan, yau da nake nemanta muryar ma ba za ta zo ba. Na fizge nikabin da hijabin, na ja numfashi irin wanda nake ja a gaban mikoro, na tura harshena inda giɓin yake.

"Kayya, hantata, ka makara. Na daɗe ina kiwon kurwarka, yau ta yi ƙiba."

Matan da ke kusa da ni suka watse da ihu, wata har da faɗuwa. Kowa ya dubi Iya Asibi. Ƙafarta tana sama, bakinta a rufe gam, hawaye na bin kumatunta. Sannan kawunan suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, wayoyin ma suka juyo, ni kaɗai a tsaye a fili cikin atamfa mai ruwan ganye.

Waɗanda suka riƙe Abdulgafar suka sake shi ba su sani ba. Bai yi wajen uwarsa ba. Ni ya nufo, a hankali, har sai da na ga ƙurar da ke girarsa. Ya daɗe yana kallon bakina. Da ya yi magana, da sanyin muryar nan tasa ya yi, wadda sai ka kasa kunne.

"Ke kika rubuta mini Allah ya tona asirinsa."

Na ce, "Ni ce."

"To, Allah ya amsa." Ya juya ya sunkuci Rukaiya daga kan tabarma, babu wanda ya hana shi. Sai da ya kai bakin moton ya waiwayo. "Iya, ɗaura ɗankwalinki. Ki shiga da Sakina ciki ki sa sakata, kada kowa ya taɓa ta. Ni zan tambaye ta da kaina."

Daga cikin ɗakin Iya Asibi nake rubuto muku wannan. Mutanen ba su watse ba, ina jin su ta bayan ƙyaure, wasu na cewa aljanu gare ni, wasu na cewa a kira jandarma. Inna ta kira har wayar ta yi zafi, abin ya riga ni isa Tanout. Iya ta ajiye mini cuku da shayi, ta ce in ci. Yanzun nan kuma ta ɗaga kai daga carbinta ta kasa kunne. Ni ma na ji. Ƙarar motonsa ce.